Na haddace izu talatin ina yaro, yau kalma talatin ta Faransanci ta gagare ni

"Malam, ni ɗan kasuwa ne a Katsina, shekaruna 43. Harkar kaya tana kai ni Maraɗi da Kwatano, wani lokaci har Lome, kuma na gaji da biyan tafinta. Wata shida ke nan ina koyon Faransanci. Kullum bayan isha'i nakan rubuta kalma talatin da fassararsu, in yi ta karantawa har sai na ji sun zauna. Bayan kwana uku in an tambaye ni, da ƙyar nake kawo biyar. Abin da ya fi ci mini rai, yaron shagona da ko sakandare bai gama ba, ba littafi ba biro, tafiya huɗu muka yi tare amma yanzu shi yake yi mini ciniki da direbobi. Ni kuwa ina yaro na haddace izu talatin. Tsufa ne, ko kuwa wasu an halicce su da kan harshe wasu babu?"

Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ya sa kalmar da ka kwanta da ita daram take zamewa kafin kwana uku, kuma me yaron nan yake da shi wanda kai ba ka da shi. Na daɗe ina koyar da manya Faransanci a ajin yamma, yawancinsu 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata, kuma irin kukan nan naka na ji shi ya fi a ƙirga. Mutumin da yake riƙe da bashin abokan ciniki ashirin a ka, har da wanda ya rage naira ɗari biyar tun azumin bara, ba ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace ba. Hanyar da ka bi ka yi hadda kana yaro ce ka ajiye, ka ɗauki wata da ba ta kai ta ba.

Inda kalma take sauka

Mukan ce "na san kalmar" kamar ƙwaya ɗaya ce da ake jefawa a aljihu, alhali abu uku ne aƙalla. Akwai sautinta, akwai ma'anarta, akwai kuma abokan tafiyarta. Ɗauki facture, takardar kuɗin kaya. Sai kunnenka ya gane ta in an faɗe ta da sauri, bakinka ya iya fitar da ita, ka san abin da take nufi, ka kuma san cewa la facture ake cewa, kuma payer ko régler ake haɗa ta da shi in ana maganar biya. Waɗannan ba wuri ɗaya suke zaune a ƙwaƙwalwa ba. Sauti yana da wurinsa, galibi a gefen hagu daura da kunne, ma'ana kuma a baje take a sassa daban-daban. Koyon kalma shi ne ɗaure su da igiya ɗaya.

Mai yin ɗaurin farko wani ɗan sashe ne lanƙwasasshe can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana kiransa hifokamfus. An san muhimmancinsa ne ta wani bala'i. A 1953 likita ya yi wa wani saurayi Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, ya cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, hankalinsa na nan, Turancinsa na nan, amma daga ranar sabon abu ya daina zama. Ya rayu har 2008, kuma kalmomin da suka shigo Turanci bayan tiyatar kusan duk sun wuce shi. Tsofaffin kalmominsa ba su je ko'ina ba, domin sun riga sun bar hifokamfus sun koma ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ajiya mai daɗewa take.

Ka ɗauke shi kamar ƙofar shagonka da sito. Mota ta zo an sauke kaya a bakin shago, nan da nan. Kayan sun iso, amma ba su shiga lissafi ba sai an kwashe su an jera kowanne kusa da danginsa. In aka bar su a waje, gobe wata motar ta zo ta jibge nata a kai. Kalma talatin ɗin da kake ji sun zauna da daddare, a bakin shago suke.

Yawancin kwasar cikin barci ake yin ta. A 2007 wasu masana biyu a Ingila, Nicolas Dumay da Gareth Gaskell, sun koya wa mutane ƙirƙirarrun kalmomi masu kama da na gaske, kamar a koya wa Bahaushe "makaranfo" kusa da "makaranta". Wasu sun koya da ƙarfe takwas na safe, wasu da takwas na dare, aka gwada kowa bayan awa 12. Dukansu sun gane sababbin kalmomin. Amma waɗanda suka yi barci a tsakani ne kaɗai sabuwar kalmar ta fara gogayya da tsohuwar a kunnensu, wato suna ɗan jinkiri kafin su tantance wacce aka faɗa. Wannan ɗan jinkirin shi ne shaidar cewa baƙuwa ta shiga sito ta sami wuri cikin 'yan gida. Waɗanda suka koya da safe sai da suka kwana tukuna abin ya bayyana a wurinsu. Saboda haka karatunka na bayan isha'i ba laifi a lokacinsa. Laifin yana cikin yawan kayan da kuma abin da kake yi washegari.

Mantuwa da yadda ake taka mata birki

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kan kansa ya wallafa sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana duba abin da ya saura bayan wani lokaci. Cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan zubewar ta rage gudu. Ya kuma lura da wani abin da ya fi wannan amfani gare ka: jerin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, maimaici 38 ya wadatar da shi in ya raba su cikin kwana uku. Biyar cikin talatin bayan kwana uku, ba tare da waiwaye ba, ai ba ka fita daga sahun 'yan Adam ba.

Sai kuma irin maimaicin. Ka ce kana "yi ta karantawa har sai ka ji sun zauna". Nan ne ramin da kusan duk ɗalibaina suke faɗawa. Idan ido ya ga kalma da fassararta sau goma, sai ta zama sananniyar fuska, zuciya ta ce ai na san ta. Gane fuskar mutum daban, kiran sunansa daban. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun ba ɗaliban jami'a a Amurka kalmomin Swahili 40 da fassararsu. Bayan kowa ya iya, wasu suka ci gaba da amsa tambaya a kan kalmomin, wasu kuma kalmar da suka kawo daidai sau ɗaya aka daina tambayarsu ita. Bayan mako guda, waɗanda aka yi ta tambaya sun kawo kusan kashi 80 cikin ɗari, sauran kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, har da waɗanda suka ci gaba da karanta jerin. Abin dariyar, da aka tambaye su tun farko nawa suke zaton za su tuna, dukansu kusan rabi suka ce. Wahalar nan da kake sha lokacin da kalma ta tsaya a kan harshenka kana lalubenta, ita ce take ƙarfafa igiyar.

To yanzu koma tsangaya ka duba yadda aka yi da kai. Ba a ɗora maka shafi biyar a rana ba, ƙari ɗan kaɗan aka yi maka gwargwadon ƙarfinka. Da hannunka ka rubuta a allo. Da murya ka karanta, ba a zuci ba. Ba ka wanke allon ba sai da ka kife shi ka kawo wa malam da ka. Da daddare ka yi tilawar na baya, ka kwanta, da asuba ka sake bi ta kai, kuma abin da ka haddace bara bai tsira daga tilawar bana ba. Kaɗan-kaɗan, da baki, daga ka, da tazara, da barci a tsakani. Duk abin da na lissafa maka daga Jamus da Ingila da Amurka, alaramman da ya karantar da kai yana aiki da shi ba tare da ya sa masa suna ba. Nakan gaya wa ɗalibaina da suka yi allo cewa sun zo da jari a hannu, su ne ba su sani ba.

Sai dai akwai bambanci ɗaya da bai kamata a ɓoye ba. A hadda aya tana jan aya, ga ƙira'a ga kari, ƙarshen wannan shi ne mabuɗin waccan. Jerin kalma talatin ba shi da abin da yake jan wani. Kuma a kasuwa ba a jere za a tambaye ka ba. Direba zai jefo maka kalma ɗaya daga tsakiya, ka kamo ma'anarta cikin daƙiƙa. Don haka tsarin tsangaya za ka ɗauka, ka ƙara masa ma'ana da jimla.

Abin da yaron shagon ya fi ka

Mutane sun bambanta, wannan gaskiya ne, kuma ba zan yi maka daɗin baki in ce kowa ɗaya ne ba. Tun 1959 John Carroll da Stanley Sapon suka fitar da jarrabawar auna baiwar koyon harshe a Amurka, kuma cikin abubuwan da take aunawa akwai iya kama baƙon sauti a riƙe shi. Akwai wata 'yar ajiya ta riƙon ƙwarya a ƙwaƙwalwa, wadda kake amfani da ita in an karanto maka lambar waya kana maimaita ta a zuci kafin ka sami biro. Abin da take ɗauka bai wuce maganar daƙiƙa biyu ba. A 1988 Alan Baddeley da abokan aikinsa sun ba da labarin wata mata 'yar Italiya da shanyewar jiki ta lalata mata wannan ajiya. Tana iya haɗa kalmomin Italiyanci biyu ta riƙe kamar kowa, amma kalmomin Rashanci da aka faɗa mata ta kunne sun ƙi zama sam. A Finland ma an ga cewa yaran da suka fi iya maimaita ƙirƙirarrun kalmomi masu kama da Turanci su ne suka fi cin Turanci shekaru biyu da wani abu bayan nan. Ni kaina a ranar farko nakan faɗi doguwar kalma kamar renseignement in ce kowa ya maimaita. Wani sau ɗaya ya ji ya mayar da ita cif, wani sai an yanka masa ita uku. Mai yiwuwa yaronka yana cikin na farkon.

Amma kunne ba ƙaddara ce da ba ta motsi ba, kuma a nan zan daɗe domin nan ne matsalar Bahaushe take. Jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba. Janet Werker da Richard Tees sun nuna haka a Kanada a 1984 da sautukan Hindi, suka kuma nuna cewa kafin ya cika shekara ya fara toshe kunne ga duk bambancin da harshen gidansu bai damu da shi ba. Mu Hausa ba ta raba p da f, kuma ba ta da v. To ga Faransanci: pain burodi, faim yunwa. Boire sha, voir gani. Poisson kifi, poison guba, boisson abin sha. Ga kuma wasalin u da ba mu da shi, wanda shi ne ya raba dessus, sama, da dessous, ƙasa. Akwai wani ɗalibina direban tirela da ya yi mako biyu yana cewa kalmomin nan biyu na ƙarshe sun ƙi zama. Na sa ya juya baya, na riƙa faɗin su a cakuɗe yana ɗaga hannu ko saukewa. Rabi ya ci, rabi ya faɗi, daidai da mai canki-canka. Kunnensa kalma ɗaya yake ji mai ma'ana biyu masu karo da juna, to yaya za ta zauna? Minti biyar-biyar muka riƙa yi da wannan wasan kafin kowane darasi, yana turo leɓe kamar mai busa wuta yana ƙoƙarin cewa "i", ajin na dariya. Da kunnen ya buɗe, haddar ba ta ɗauki kwana biyu ba. In ka ji haushi, tuna yadda Bafaranshe yake fama da gari na zama da garin tuwo, ko ƙafa da kafa.

Ban da kunne, abu uku ne suka raba ka da yaronka. Na farko, kai kana koyo daga takarda, kuma rubutun Faransanci maƙaryaci ne ga wanda ya saba da boko. An rubuta beaucoup, ana faɗin "boku". In ka haddace ta yadda idonka ya karanta, ranar da aka faɗe ta a Kwatano ba za ka gane ta ba, ka riƙe abin da ba shi ake furtawa ba. Yaronka bai taɓa ganin rubutun ba, sautin gaskiya ya fara shiga kunnensa.

Na biyu, kalmominsa suna zuwa da kayansu. Ya ji combien, wato nawa, a lokacin da ake miƙa kuɗi, ya ji descends, wato sauko, lokacin da jandarma yake buga ƙofar mota. Ga wuri, ga fuska, ga faɗuwar gaba, igiyoyi biyar maimakon ɗaya. Kuma shi yake gano ma'anar da kansa. Masu bincike a Basalona sun nuna a 2014 cewa in mutum ya gano ma'anar sabuwar kalma daga jimla, sashen ƙwaƙwalwar da yake motsawa in an ci kuɗi shi ne yake motsawa. Daɗin nan yana taimaka wa ajiya. Sannan kalmominsa ba su da yawa, ɗari biyu ko uku ne yake jujjuyawa kullum, tilawa ce yake yi bai sani ba. Ka miƙa masa takardar duwan, wato kwastan, ka ga inda zai tsaya.

Na uku, ba ya jin kunya. Yaro ne, in ya yi kwaɓa aka yi dariya shi ma dariya zai yi. Kai Alhaji ne, ga yaranka a tsaye, ba ka son a ji ka kana in'ina, sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Kowace tafiya shi yana samun gwaji ɗari, kai ba ka samun ko ɗaya. A ajina wannan ya fi shekaru raba ɗalibai.

Maganar tsufa kuwa, ana cewa karatun yaro zane ne a kan dutse, na babba zane a kan ruwa. Ta fuskar lafazi akwai gaskiya a ciki, wanda ya fara yana ƙarami harshensa ya fi laushi. Ta fuskar kalmomi ba haka ba ne. Taskar kalmomin mutum tana ci gaba da ƙaruwa har ya haura sittin, kuma binciken da aka yi a Holan a 1978 kan masu jin Turanci da suka koma can ya nuna matasa da manya sun fi ƙananan yara saurin kamawa a watannin farko. Kana da abin da yaronka ba shi da shi: ƙugiyoyin rataya. In kana da Turanci, ɗimbin kalmominsa daga Faransanci suka fito tun bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, don haka transport da commerce da document kyauta ka same su, lafazi kawai za ka gyara. Hausar Maraɗi ma ta ba ka wasu: duwan daga douane, lakwal daga l'école, mushe daga monsieur, kuran na lantarki daga courant. Batun cewa wani "mai koyo da ido" ne wani "mai koyo da kunne", kada ka ɓata lokaci a kansa, an bincika ba a sami hujjar da ta tsaya ba.

Yadda zan so ka gwada

Sauko daga talatin zuwa takwas ko goma, kuma ka zaɓo su daga harkarka: kaya, awo, kuɗi, hanya, takardu. Kada ka rubuta kalmar da ba ka ji an faɗe ta ba, ko a waya ko a rediyo ko daga bakin yaron nan. Yanka kwali ƙanana, Hausa a gefe ɗaya, Faransanci cikin gajeriyar jimla a ɗaya gefen. Dubi Hausar, faɗi Faransancin da murya kafin ka juya. Wadda ka kawo, ka sake nemanta gobe da asuba, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Wadda ta kufce ta koma farko. Manhajar Anki a waya wannan lissafin take yi, amma kwali da robar ɗaure kuɗi sun isa. Kada ka haɗa masu kama da juna rana ɗaya. À droite, dama, da à gauche, hagu, da tout droit, miƙe sosai, in ka zuba su a zama ɗaya sai sun sarƙe. Bari ɗaya ta kwana biyu tukuna. Lambobi ka ware musu lokaci na musamman, domin 70 a wurinsu sittin da goma ne, 90 kuma ashirin sau huɗu da goma, kuma nan ne ake cutar baƙo.

Ka san tsawon tafiyar don kada ka karaya. Paul Nation na New Zealand ya ƙiyasta cewa a Turanci mutum yana bukatar dangin kalmomi (wato kalma da rassanta) 6,000 zuwa 7,000 kafin ya bi hira ba tare da taimako ba, 8,000 zuwa 9,000 kuma don karanta jarida da littafi. Ciniki bai kai nan ba ko kusa. Goma a rana, ko da rabi ne suka tsaya, cikin shekara kana da wajen 1,800.

Daga nesa nake magana, ban gwada kunnenka ba, kuma yawancin binciken da na kawo a kan ɗaliban jami'a na Turai da Amurka aka yi shi, cikin kwanaki ko makonni, ba a kan magidanci mai shago da iyali ba. Haka kuma in mantuwar ta wuce Faransanci, kana manta alƙawari ko lissafin da ka saba riƙewa, ko barcinka bai kai awa biyar ba, ko kana yawan cewa a maimaita maka magana ko da Hausa ce, wannan ba aikin malamin harshe ba ne. Ka je asibiti a duba hawan jini da sukari da kunne. In ba haka ba, tafiya ta gaba ka gaya wa yaron ya tsaya a bayanka, kai za ka yi ciniki da direban, shi kuma kada ya sa baki sai ka waiwayo.